Safari mai araha daga Al-Lith: me zan tarar, me zan zuba a jaka?

Sadik_Karantina:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga ruwa. Wani abokin aikina ya samo mana gurbi a jirgin nutso na kwana, irin wanda ake ce wa safari, daga Al-Lith zuwa Farasan Banks, kwana uku a kan teku ba sauka. Kuɗin bai kai rabin abin da manyan jirage ke karɓa ba, shi ya sa na ce a rubuta sunana tun kafin in yi tunani. To yanzu tunanin ya zo. Katina na shaidar koyon nutso na matakin farko ne, sau 14 na taɓa nutso, duk a Abhur da ke arewacin Jidda, daga gaɓa, in fito in shiga mota in koma gida in kwanta. Ban taɓa kwana a kan ruwa ba. Me zan tarar? Me zan ɗauka? A kayan nutso gilashin fuska kaɗai na mallaka, sauran haya nake yi.

Mai_Shayi_Sabil:
Wa alaikumus salam. Ka ɗauki darduma da fulas ɗin shayi ka tafi Kurnish, ka zauna ka yi ta kallon ruwan daga nesa, kyauta. Ina Bahaushe ina kwana a teku? Ruwa ba sa'an kwando ba ne, Sadik.

Dan_Borsudan:
Haba Mai Shayi. To kakanninmu ta ina suka shigo ƙasar nan? Da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa, wasu shekaru suka yi a hanya suna noma suna tara guzuri, da suka iso Sawakin suka shiga sambuƙ na katako suka tsallako Bahar Maliya zuwa Jidda. Babu janareta, babu na'urar sanyi, babu maganin amai. Kai da aka haifa a Sabil, jikan masu tsallake teku ne ko ka ƙi ko ka so.

Mai_Shayi_Sabil:
Su sun tsallake ne don sauke farali. Shi wannan kifi zai je gaidawa.

Abu_Fahad_Jizan:
In Farasan za ku me ya kai ku Al-Lith? Ku sauko Jizan mana, akwai jirgin fito da ke kai mutane tsibirin kyauta, sai dai ka yi rajista da wuri. Ku sauka a gidana ma.

Baba_Gawwas:
Abu Fahad, an gode da karamci, amma ba Farasan ɗinku yake nufi ba. Sunan ne ke ruɗa mutane. Tsibiran Farasan suna can gaban Jizan, kusa da iyakar Yaman. Farasan Banks kuwa jerin duwatsun murjani ne da 'yan tsibirai a tsakiyar ruwa, ta Al-Lith ake shigarsu, kusan kilomita 200 kudu da Jidda. Mar Mar, Dohra, Jadir, Malathu, duk nan ne. Babu gari, babu kanti, babu asibiti, yashi ne da tsuntsaye da kunkurun ruwa.

Sadik ɗana, shekaruna sun haura ashirin ina wannan harka, bari in ba ka ma'aunin da nake auna jirgi mai araha da shi. Araha kashi biyu ce. Akwai wadda aka rage a jin daɗi: ɗaki kamar akwati, gado wani kan wani, banɗaki ɗaya na mutum shida, shinkafa da kaza rana da dare, na'urar sanyi ta yi aiki yau gobe ta yi yaji. Wannan ba komai ba ce, ka biya ka tafi, kifin da mai tsada zai gani shi za ka gani. Akwai kuma wadda aka rage a abin da ke riƙe da rai. Ita ce ba a gani a hoto. Kafin ka ƙarasa biyan kuɗi ka kira mai jirgin da bakinka, ba ta bakin abokinka ba. Akwai iskar oksijin ta gaggawa a jirgin, kuma za ta kai awa nawa? Jagoran nutso nawa ne, mutum nawa ke bin kowane ɗaya? Akwai ƙaramin kwalekwalen roba, zodiyak, da ke tsayawa a sama yana jiran masu fitowa? Akwai rediyo ko wayar tauraron ɗan'adam, tunda layin waya yana ɗaukewa da an yi nisa? Da dare wa ke gadi? In ka ji yana kame-kame, ko ya ce maka "tawakkal alallah ya shaikh" ya kashe zancen, ka karɓi kuɗinka. Tawakkali bayan ɗaure raƙumi ne.

Sadik_Karantina:
Na gode Baba. Wallahi ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ban yi ba. Abin da na tambaya shi ne ko akwai intanet.

Abba_Yanbu:
Ka ƙara da maganar kwamfuresa, injin da ke ɗura iska a silinda, a kan na Baba. Ni ta taɓa cina. Wani jirgi muka bi shekarun baya, na kwana biyu, arha kamar a ce kyauta. Nutso na farko na fito da ciwon kai, na ce rana ce. Na biyu na fito kamar ana sara min goshi da gatari, ga tashin zuciya, na duba sai na ga mutum uku a zaune kowa ya dafe kai. Wani Bafilipine da ke cikinmu, makaniken jirgi ne a wajen aikinsa, ya tashi ya zagaya baya. Ashe tiyon da kwamfuresa ke zuƙo iska da shi ya zame daga inda aka ɗaure shi, ya faɗo dab da bututun hayaƙin janareta. Hayaƙi ake ɗura mana a silinda muna sauka da shi mita 20. Allah ne ya yi da sauran kwana. Tun daga ranar ba na ɗaura regileta, abin da ake shaƙar iska da shi, sai na ɗan buɗe silinda na shinshina. Iska mai kyau ba ta da wari ba ta da ɗanɗano. In ka ji warin mai ko hayaƙi, ajiye ta. Amma ka sani ita gubar kanta ba ta wari, don haka ka je da idonka ka ga inda tiyon yake.

Kabiru_Hindawiyya:
Subhanallah. Abba faɗa mana sunan jirgin mu kiyaye.

Shugaban_Zaure:
A'a, ban da kiran suna a nan, dokar zaure ce. Jirage suna sauya hannu, wanda ya yi laifin wataƙila ya daɗe da barin wajen. A koya wa mutum abin da zai duba, ya fi a ba shi suna ɗaya.

Ummu_Hanan:
Ku maza kun tafi can wajen injina, yaro ya tambayi abin da zai zuba a jaka. Sadik, farko dai jakar kanta: kada ka kuskura ka je da akwati mai tauri mai taya. Babu inda za ka ajiye shi, a kan gadonka zai kwana kai kana gefe. Jaka mai laushi wadda za ka juye kayan ka naɗe ta ka cusa ƙarƙashin gado. Tufafi kuwa duk abin da ka ware, raba biyu ka mayar da rabi. Tafiyata ta farko da maigidana na ɗauki kaya kala bakwai, biyu na sa. Takalmi tun a bakin jirgi ake karɓewa a jefa a kwando, ba za ka sake ganinsa ba sai ranar sauka.

Abin da na fi jin daɗinsa a tafiya ta biyu kuwa, kada ku yi dariya, maƙalan shanya ne. Iska a saman jirgi ba ta da kunya, ka shanya tawul ka juya baya ya tafi Sudan. Tawul biyu, ɗaya na ruwan gishiri ɗaya na wanka, don jirgi mai araha ba lalle ya ba ka ba. Rigar sanyi guda ɗaya ko da bazara ce, saboda bayan nutson dare in iska ta buge ka sai haƙora sun haɗu. Kuma ruwan daɗi a jirgi kamar zinariya yake, daga tanki ne ko injin tace gishiri. Wanka na minti biyu ne: jiƙa, kashe famfo, saba, ɗauraye. Takarda ko wani abu ba a jefawa a masai, akwai kwandonsa, in ya toshe kowa sai ya san kai ne.

Ga 'yan'uwa mata da ke karantawa a ɓoye, na san kuna nan: ana yi da sutura tsaf. Rigar nutso doguwa ce har wuyan hannu da idon sawu, ki sa hular ruwa mai rufe wuya, ki tanadi abaya mai saurin bushewa a kusa da tsani ki zura da kin fito. Ki yi kitso ƙanana kafin tafiya, ki riƙe man kwakwa ko man kaɗanya, gishiri yana cin gashi. Ki kuma tabbatar da wadda za a haɗa ku ɗaki tun kafin ki biya.

Mai_Shayi_Sabil:
Hajiya duk kin lissafa ban ji abinci ba. Mutum ya kwana uku ba yaji?

Ummu_Hanan:
Yaji ai ba a faɗa, wannan kamar iƙama ne, katin izinin zama, ba a fita ba shi. Da kilishi da dabino da ƙuli-ƙuli. Nutso yana sa yunwa irin ta mai shayarwa. Sai dai kilishin ka ɓoye, ranar da ma'aikatan jirgi suka ɗanɗana namu, kafin la'asar takarda ta rage.

Kabiru_Hindawiyya:
Tunda an ambaci iƙama, ka riƙe ta asali da katin nutsonka da littafin da kake rubuta nutso. Jirgi ba ya fita sai Haras al-Hudud, jami'an tsaron iyaka, sun duba sunayen mutanen ciki, kuma masu jirgi kan nemi hoton iƙama kwanaki kafin tafiya. In ta kusa ƙarewa ka sabunta tun yanzu. Da tsabar kuɗi kaɗan na bakshish ɗin ma'aikata, babu injin kati a tsakiyar teku.

Injiniya_Rabigh:
Ni fa inda hankalina ya tsaya shi ne nutso 14 da katin matakin farko. Iyakarka mita 18. Farasan Banks yawanci bango ne, dutsen murjani ya miƙe tsaye ya yi ƙasa har inda ido ba ya kaiwa, shuɗi ya koma baƙi. A Abhur in iskar jaket ɗin da ke riƙe ka a ruwa ta kuɓuce maka akwai inda za ka dafa. Can babu ƙasa. Ga ruwan garau, kana mita 28 kana jin kamar kana 12. Ga igiyar ruwa a kan kusurwoyi, inda manyan kifaye suke taruwa, inda kuma jagora zai so kai mutane. A ganina ka yi kwas na gaba, mai kai mutum mita 30, kafin ka tafi. Nutso biyar ne kawai, ƙarshen mako ɗaya ya isa.

Abba_Yanbu:
Injiniya ban yarda da kai duka ba. Kati ba ya nutso, mutum ke yi. Na ga masu katin mita 30 da ke harbin murjani da ƙafa kamar jaki, na ga mai matakin farko da ke tsayawa cak a ruwa kamar an rataye shi. Ya je a yadda yake, ya gaya wa jagora gaskiyar adadinsa, ya tsaya a mita 18. Launi da ƙananan kifaye ai duk a sama suke. Safari ɗaya zai ba shi nutso tara ko goma a jere, abin da zai koya a nan ya fi na kwas.

Injiniya_Rabigh:
In jagora ɗaya ne da mutum goma sha biyu fa, duk suka gangara 30 neman ƙirshi, wato kifin shak, mai kan guduma, wa zai tsaya da shi a 18? Jirgi mai araha ta nan yake rage kuɗi.

Baba_Gawwas:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, shi ya sa na ce ya tambayi yawan jagorori. Wasu jiragen ma ana yin kwas ɗin a cikin tafiyar.

Injiniya_Rabigh:
To ko ya yi kwas ko bai yi ba, abu biyu kada ya yi haya, ya saya nasa. Na farko kwamfutar nutso ta hannu, ya karanta ta a gida ya san me kowace lamba ke nufi, ba a kan zodiyak zai fara latse-latse ba. Nutso uku zuwa huɗu a rana kwana uku a jere, lissafin naitirojin ɗin da ya taru a jiki ba na ƙwaƙwalwa ba ne, kuma ba a raba kwamfuta ɗaya mutum biyu. Na biyu balan-balan ɗin alama, dogon nan ja ko ruwan lemo, da zarensa.

Bari in gaya muku dalilin da nake nacewa. Wata shekara a kudancin nan igiya ta kwashe mu ni da abokin nutsona daga jikin bango. Muka yi tsayuwar minti uku a mita biyar kamar yadda aka koya mana, muka fito. Jirgi ya koma kamar ƙwayar shinkafa. Taguwar ruwa ta ɗaga mu mu hango zodiyak, ta sauke mu mu ga ruwa kawai ta ko'ina. Ka tuna kanka baƙi, hularka baƙa, rigarka baƙa, girman abin da ya fito sama bai wuce kwakwa ba, ga rana tana haska idon mai tuƙi. Mun yi ihu, iska ta mayar mana da shi. Abokina sai Hasbunallahu yake ja, ruwa na shiga bakinsa yana tofarwa yana ci gaba. Na ciro balan-balan, hannuna na rawa har zaren ya naɗe min a yatsa, na hura shi na ɗaga sama na riƙe gindinsa a cikin ruwa don ya miƙe. Minti ashirin da wani abu kafin mu ji ƙarar inji ta juyo. Mai tuƙin ya ce ba mu ya gani ba, jan abin ya gani. Ka haɗa da usur a jikin jaket, da tocila ko da rana ce. Kuma ka gwada harba balan-balan ɗin daga ƙasa a Abhur sau biyu ko uku, don in zaren ya kama ka zai fizge ka sama.

Sadik_Karantina:
Jikina ya yi sanyi. Gobe zan je in saya. Rigar ruwa fa? Wace kauri?

Abba_Yanbu:
Wane wata za ku? Da zafi ruwan kudu yana haura digiri 30, milimita 3 ta isa, wasu ma 'yar shimi mai dogon hannu suke sawa. Da hunturu yana sauka wajen 26, kuma a nutso na huɗu jiki ya riga ya huce, mai jin sanyi ya nemi milimita 5. Ko yaya dai doguwa, saboda murjanin wuta. Ka sa safa a cikin takalmin ruwa, in ba haka ba kwana na biyu dunduniyarka ta saɓule, kuma ciwo ba ya warkewa a ruwan gishiri. In kana da gashin baki ka rage na dab da hanci, ta nan gilashi ke yoyo. Ka riƙe igiyar gilashi ta ajiya, da robar baki ta regileta, da 'yan zobban roba na silinda. Abin riyal kaɗan ne, amma rashinsa sai ya zaunar da kai a jirgi kana kallon mutane suna faɗawa.

In a Jidda za ka yi hayar regileta, ka tambayi jirgin irin bakin silindarsu, DIN ne mai murɗawa ko mai maƙalawa. Yawanci akwai 'yar ƙwaya da ake cirewa da makullin alan, amma kada ka dogara.

Nas_Hauwa:
Bari in sa baki ta ɓangarenmu. Maganin amai kafin jirgi ya tashi ake sha, in zuciya ta riga ta tashi kun makara kai da shi. Amma yawancinsu suna sa barci, don haka ka gwada a gida ranar hutu ka ga yadda yake yi maka. Citta tana taimaka wa wasu. In abin ya zo kada ka gudu ɗaki, can ya fi muni, ka zauna tsakiyar jirgi a iska ka kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa.

Ruwa kuwa ka sha kamar an biya ka. Iskar silinda busasshiya ce, ga rana, ga zufa a cikin roba. Ka je da gorarka ka rubuta suna, da 'yan fakitin gishiri da sukari na zawo. Kunne ka ɗauraye da ruwan daɗi bayan kowane nutso ka bushe shi, ban da tsinken auduga. Mai mura ya haƙura, kada ya fesa maganin buɗe hanci ya sauka: in maganin ya sake shi a ƙasa, iskar da ta shiga kunne da kogon hanci ta rasa hanyar fita lokacin hawowa, kuma hawowa dole ce. Man kariya daga rana ma ka riƙe, masu cewa baƙar fata ba ta ƙonewa ba su kwana uku a teku ba, hanci da keya sai sun yi saɓa.

Sai abin da ya shafe mu musamman, wanda ba kasafai malaman nutso na nan suke tunawa su tambaya ba: sikila. Mai SS ba ya nutso da silinda. Mai AS, da mai asma, hawan jini ko suga, ya ga likitan da ya san harkar nutso tukuna. Takardar lafiyar nan da ake ba ku kada ku bi layi kuna a'a a'a don a bar ku ku shiga.

Dan_Taif:
Anti Hauwa ki ƙara musu da maganar dutse. Kowa ya san ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18 bayan nutso na kwanaki, da yawa ma 24 suke cewa. Abin da ake mantawa, mota ma tana hawa sama. Ta'if ta haura mita 1,800, Al-Baha ta fi haka, kuma daga gaɓar teku cikin 'yan awoyi ka hau. Mu mazauna sama in mun sauka daga safari a Jidda muke kwana, washegari mu kama hanyar Hada. Kada wani ya ce bari mu biya mu sha iska a dutse tunda an fito.

Nas_Hauwa:
Sosai. Kamar kwalbar lemo ce, iskar tana narke a ciki ba ka ganinta, ka buɗe da sauri ta yi kumfa. In bayan nutso ka ji ciwon gaɓa, ko wani waje ya mutu, ko jiri, ko gajiyar da ba ta da dalili, ko fata ta yi tabbare-tabbare, ka faɗa nan take a sa maka oksijin. Matsalarmu kunya da jarumta, mutum ya shige ɗaki ya ja bargo ya ce zai wuce. Ka yi inshorar nutso irin ta DAN, ka kuma tambayi mai jirgi ina ne ɗakin matsin iska na jinyar masu nutso mafi kusa da awa nawa za a yi kafin a kai mutum.

Malam_Jarwal:
An yi maganar jiki, saura salla. Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisi ya tabbata cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, don haka ƙarancin ruwan daɗi ba uzuri ba ne. Tafiyar ta kai ta ƙasaru. Alƙibla daga wajen nan kusan arewa take, Makka na sama da ku. Na faɗi haka ne don mun taɓa fita kamun kifi da wani baƙo daga Kano, gari na wayewa ya dubi inda rana ke fitowa ya kabbara, ya ce ai gabas gabas ce. Kamfas ɗin nutsonka ya isa ya nuna maka, sai dai jirgi a ɗaure yana juyawa da iska, ka duba kafin kowace salla. In tsayuwa ta gagara saboda taguwa, a zauna. Ka ware jallabiya ɗaya a leda ta salla kaɗai. In kuma kana da niyyar umara a dawowa, miƙatin Yalamlam yana kan hanyarku.

Mai_Shayi_Sabil:
Allah gafarta Malam, tambaya ta ilimi. An ce masu nutso kashi biyu ne, masu fitsari a rigar ruwa da masu ƙaryar ba sa yi. Ya hukuncin rigar?

Malam_Jarwal:
Shi ya sa na ce jallabiya a leda, Mai Shayi. A tuɓe, a ɗauraye jiki, a sa mai tsarki. Wanda ya yi hayar riga kuma ya wanke ta da kyau kafin ya sa, bai san tarihinta ba.

Dan_Borsudan:
Kuna ta maganar nan kuna tayar min da kewar gida. Ba don yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ba, da cewa zan yi Sadik ya tsallako wajenmu. Dab da tashar Borsudan akwai Umbria, jirgin Italiya da mutanensa suka nutsar da shi da hannunsu a watan Yunin 1940, da Italiya ta shiga yaƙin duniya, don kada Ingilishi su ƙwace kayan ciki. Bama-bamai 360,000 ne a cikinsa, har yau suna nan a jere kamar buhunan gero a rumbu, ga motocin Fiat guda uku, ga kwalabe. Yana kwance a gefensa, wani ɓangaren ya kusa taɓa saman ruwa, ko mai matakin farko zai ga rabonsa. Gaba kuma Sha'ab Rumi, inda Bafaranshen nan Cousteau ya kafa gidaje a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka yi wata guda a mita 10. Rumfar da suke ajiye ƙaramin jirginsu tana nan kamar tukunya a kife, ka shiga ta ƙasa ka ɗago kai cikin iska. Sai Sanganeb mai hasumiyar fitila, wadda UNESCO ta sa a jerinta a 2016. Ƙanin mahaifiyata ya yi shekaru yana dafa abinci a jiragen Turawa a can, shi ya fara sa min gilashi a fuska ina ɗan shekara goma sha biyu. Yanzu yana zaune ba aiki. Tekun da muke kai baƙi kallon kifi, ta cikinsa aka yi ta kwaso mutane zuwa Jidda suna gudun harsashi.

Ummu_Hanan:
Allah ya kawo ƙarshen abin, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Kabiru_Hindawiyya:
Amin ya Rabbi.

Baba_Gawwas:
Amin. Ɗan Borsudan, na yi Umbria sau biyu, ban ga kamarta ba. Mu koma kan yaronmu, akwai abin da na ambata a sama ban buɗe shi ba, gadin dare. A Satumban 2019 wani jirgin safari mai suna Conception ya kama wuta da dare a gaɓar Kalifoniya ta Amurka, mutum 34 suka rasu, duk suna barci a ɗakin ƙasa. Binciken hukuma ya nuna babu wanda ke zagayen gadi a lokacin. A Amurka ke nan. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Da ka shiga jirgi, kafin ka nemi inda ake shayi, nemi ƙofa ta biyu ta fita daga ɗakin kwana, ka buɗe ta da hannunka ka ga ko ba a jibga kaya a kai ba. Ka san inda rigar ceto take. Kada ka bar waya ko tocila ko batir a caji a kan katifa ka yi barci, a yi caji a waje inda ido ke gani. Ka kwana da 'yar jaka marar shan ruwa a kusa da kai, da iƙama da waya da tocila a ciki. Ni dai a jirgi mai araha saman bene nake kwana, da bargona, ga taurari, ga nisa da minsharin mutane.

Injiniya_Rabigh:
Minshari da janareta, a riƙe abin toshe kunne na barci. Da adafta, wasu jiragen soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne ba irin namu mai uku ba.

Abu_Fahad_Jizan:
To wai duk wahalar nan me ake gani? Ni har yanzu ban ji abin da zai sa in bar katifata ba.

Abba_Yanbu:
Abu Fahad, a tashe ka da asuba, ka yi salla, ka kurɓi shayi, rana na ɓullowa ka faɗa ruwa. Bango ya cika da 'yan kifaye ruwan lemo dubbai kamar an watsa garin barkono, garken barakuda na zagaye a samanka, kunkuru ya wuce bai ko kalle ka ba. Ka fito ka ci ful da burodi, ka yi barci, a kaɗa ƙararrawa ka sake komawa. Kwana uku ba kiran kafili, uban aiki, ba saƙon aiki. In an yi sa'a wajen watan Afrilu, kusa da Al-Lith ɗin ma ana haɗuwa da ƙaton kifin nan mai ɗigo-ɗigo da ya fi mota tsawo, ba ya cin mutum. Amma ba alkawari, teku ba gidan zu ba ne, akwai tafiyar da iskar arewa ta hana mu zuwa rabin wuraren da aka ce za a kai mu.

Sadik_Karantina:
Jama'a na kira mai jirgin yanzu. Oksijin akwai, ya turo min hoton silinda biyu. Zodiyak ɗaya. Jagora biyu, mu goma sha huɗu. Silinda lita 12, ya ce bakin kowane iri suna da shi. Gadin dare ya ce ma'aikata a sama suke kwana, na ce a farke ko a kwance, sai ya yi dariya. Maganar tiyon kwamfuresa kuwa cewa ya yi wa ya koya min wannan tambayar.

Injiniya_Rabigh:
Bakwai bakwai ke nan. Ni da a ce ƙanina ne sai ya yi kwas tukuna.

Abba_Yanbu:
Bakwai ba laifi in rukuni ɗaya zai tsaya sama. Ka sake kiransa ka tambayi wannan.

Baba_Gawwas:
Dariyar nan ce ba ta kwanta min ba. Ka ce masa wani tsoho ya ce a farke ko a kwance.

Mai_Shayi_Sabil:
Ku tafi da ni in yi muku gadin, ina da fulas. Amma ko yatsana ba zai taɓa ruwa ba.

Sadik_Karantina:
Zan kira shi bayan isha'i. Kafin nan, akwai wanda zai shiga Abhur ranar Juma'a da safe ya nuna min yadda ake harba balan-balan ɗin? Anti Hauwa, ni AS ne, ban taɓa faɗa wa malamin da ya koya min ba.

Nas_Hauwa:
Turo min saƙo ta gefe. Kada ka ƙarasa biyan kuɗin tukuna.